Faifai Ba Rumbun Dindindin Ba Ne

A gidaje da dama na Tambuwal da Dogon Daji da Jabo, har zuwa Kebbe da Kuchi, akwai adaka ko akwatin ƙarfe da ke ɗauke da kaset-kaset na bikin aure da na suna, da karatun wani malami da ya riga mu gidan gaskiya, da waƙoƙin Ɗanƙwairo ko Ɗan Anace da aka ɗauka a wajen wani taro, da kuma hotunan kakanni. Mutane da yawa sun kai irin waɗannan kaya shagon kwamfuta an juye musu a faifan CD ko na DVD, kuma wannan dabara ce mai kyau. Inda gizo ke saƙar shi ne abin da ke biyo baya: sai a ɗauka aiki ya ƙare, a bai wa yara tsohon kaset su warware zarensa suna wasa, a jefa faifan a aljihun tebur. Ra'ayin wannan maƙala shi ne wanda ya yi haka ya sauya wa haɗarin kama ne kawai, bai kawar da shi ba.

Dalilin juyewar dai ba abin musu ba ne. Zaren kaset siririyar leda ce da aka shafa wa garin tsatsar ƙarfe, aka liƙe shi da wani irin danƙo. A cikin wannan gari ne maganaɗisu ke rubuta murya da hoto. Danƙon yana shan laimar da ke cikin iska, sannu a hankali ya ruɓe, zaren ya riƙa mannewa yana zubar da garinsa. Da damina kuma, daga Yuni zuwa Satumba, sai fumfuna ta samu wurin zama. Hoton takarda ya fi shan wahala a hannunta, domin fuskarsa an shafe ta ne da jelatin, wani furotin da ake tatsowa daga fata da ƙashin dabbobi, wato abinci ne sosai ga fumfuna da ƙwari. Gara kuwa ba ta bambanta hoton sarki da takardar ƙunshin ƙosai. Bugu da ƙari, injunan kallon su ma suna ƙarewa: kamfanin JVC ya fito da kaset ɗin bidiyo na VHS a 1976, kamfanin Funai na Japan kuma, wanda shi ne na ƙarshe da aka sani yana ƙera injinsa, ya daina a 2016.

To, shi faifan fa? Faifan da ake saye a kasuwa da waƙa ko fim a kai, a masana'anta aka buga masa ƙananan ramuka a jikin roba. Wanda mai shago ke juye wa mutum kaya a kai daban yake. A cikinsa akwai shimfiɗar rini mai sirantaka ƙwarai, hasken leza ne ke ƙona ɗigo-ɗigo a jikinta, waɗannan ɗigogi su ne rubutun. Duk wanda ya taɓa shanya atamfa a rana ta kwana biyu ya san abin da rana ke yi wa rini. A wannan yanki da zafin Afirilu ke wuce digiri 40, faifan da aka bari a gaban mota ko a bakin taga yana iya dusashewa tun mai shi bai ankara ba. Kaurin faifan CD milimita 1.2 ne, kuma rubutun yana dab da fuskar da ake rubuta suna a kai, ba fuskar da ke sheƙi ba kamar yadda akasari ake zato. Saboda haka biro mai tsini da aka danna a saman faifan ya fi ƙarcen ƙasa ɓarna. Faifan DVD ɓari biyu ne masu kaurin milimita 0.6 da aka manne, rubutun yana tsakiya, don haka lanƙwasa shi wajen ciro shi daga gidansa na iya raba su.

Fumfuna ma ba ta ƙyale faifai ba. A 2001 wasu masana a Madrid ta ƙasar Sifen suka ba da rahoton wani faifan CD da aka samo daga Belize, ƙasa mai zafi da laima a Amurka ta Tsakiya, wanda fumfuna daga dangin Geotrichum ta kutsa ta gefensa ta lalata shimfiɗar ƙarfen da ke ciki. Abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, amma ya isa ya nuna cewa roba ba ta gagari halittu ba.

Akwai kuma bambanci guda da ya kamata ɗalibi ya riƙe. Kaset idan ya tsufa, murya ce ke dusashewa, amma ana jin abin da aka faɗa. Faifai kuwa yakan yi shiru ne gaba ɗaya, ko hoto ya tsaya cak, inji ya ce babu komai a ciki.

Manomin gero a Kebbe ya daɗe da sanin maganin irin wannan matsala. Ba ya ajiye iri shekara ashirin a rumbu yana jiran ranar buƙata, domin ƙwayar iri tana mutuwa a ajiye. Shuka shi yake yi kowace damina ya zaɓi sabo. Haka ma bayanan gado da ke cikin ƙwayoyin halitta: sun kai yau ne saboda ana kwafe su daga iyaye zuwa 'ya'ya, ba don wani jiki guda ya dawwama ba. Babbar fa'idar juye kaya zuwa kwamfuta ita ce kwafi na goma daidai yake da na farko, saɓanin kaset da ke raguwa duk lokacin da aka juye shi a wani. Wanda ya riƙe faifai guda tak ya yi watsi da wannan fa'ida.

Abin da ya dace shi ne ranar da aka karɓo faifan a kalle shi daga farko har ƙarshe kafin a sallami mai shago. A nemi ya ba da ainihin fayil ɗin da ya ɗauka, ba wanda ya matse ya zama VCD ko ƙaramin bidiyon waya ba, domin abin da matsewa ta zubar ba ya dawowa. A yi kwafi uku aƙalla, ɗaya a faifai, ɗaya a kwamfuta ko rumbunta na waje, ɗaya a gidan ɗan'uwa a wani gari, saboda gobara ko ambaliya ba sa zaɓen akwati. Filashi da katin waya suna da amfani wajen rabawa, amma ba abin dogaro ba ne, don cajin da ke riƙe bayanansu yana tsiyayewa idan sun daɗe a ajiye. Bayan shekara uku ko huɗu a sake gwadawa, a juye a sabon mazubi. Sababbin kwamfutocin hannu da yawa ma ba su da wurin sa faifai. Tsohon kaset kuma a bar shi a tsaye cikin gidansa, a ɗaki mai sanyi marar laima, ko da wata rana za a samu injin da ya fi na yau iya karanta shi.

Sai abin da babu injin da zai yi wa mutum. Hoton da ba a san waɗanda ke cikinsa ba ya rasa rabin darajarsa. Tambuwal gari ne mai tarihi tun zamanin Muhammadu Buhari ɗan Shehu, kuma akwai tsofaffin da za su iya nuna fuska su ce wane ne wannan, a gidan wa aka yi bikin, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi ce, wato 1991, ko kafin nan. Nan ne malaman sakandare ke da rawar takawa. Ƙungiyar kimiyya ta makaranta na iya ɗaukar wannan a matsayin aikin zango: kowane ɗalibi ya zauna da kakarsa a kalli faifan gidansu tare, ya rubuta sunaye da wuri da shekara a littafi, a ajiye kwafin rubutun tare da fayil ɗin. Abin da ya shafi jama'a baki ɗaya, kamar naɗin sarauta ko karatun malamai, da izinin masu shi ana iya miƙa kwafinsa ga Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato.