Yaronki ya iya ƙirga 1 zuwa 100, amma ya san nawa ne biyar?

1/
Iyaye da malaman firamare, ku ɗan tsaya. Yaro ya rera 1 zuwa 100 da Turanci, a tafa masa, a ce ya iya lissafi. A'a fa. Hadda ce wannan.

2/
Ki zuba masa wake biyar ya ƙirga. In ya gama ki ce "to nawa ne?" Wani zai ce biyar. Wani sai ya koma farko, don bai gane lambar ƙarshe da ya faɗa ita ce jimillar ba. Wani ma ya taɓa ƙwaya ɗaya sau biyu, bakinsa na gaba yatsansa na baya.

3/
Tun 1978 Rochel Gelman da Randy Gallistel suka bayyana waɗannan ƙa'idojin ƙirga. Yaron da ya shiga aji 1 ba su zauna masa ba, tarawa da ɗebewa za su yi ta ba shi wuya.

4/
Akwai kuma lalurar da ake kira diskalkuliya, tana shafar kusan yara 3 zuwa 7 cikin 100. Yaro ga wayo, ga surutu, karatu ma wataƙila lafiya lau, amma ka ce 8 da 6 wanne ya fi yawa sai ya tsaya tunani. Mu kuwa "daƙiƙi" kawai muke cewa, mu ɗauko bulala. Tsoro kuma cinye masa ɗan abin da yake riƙewa a ka yake yi.

5/
Bakwaini ma sun fi fuskantar wannan matsala, a sa musu ido da wuri.

6/
Abin da ya fi ɓata min rai: dukan yaro don ya ƙirga da yatsu. Haba malam! Yatsun nan su ke riƙe masa lambar da ƙwaƙwalwarsa ke saki. In ya ƙware da kansa zai bari.

7/
Sai harshe. "Goma sha biyu" ta faɗa maka komai: goma ce, ga biyu a kai. Twelve fa, me ta gaya wa ɗan shekara 5 da ba ya jin Turanci? Mun bar mai sauƙin a gida, mun fara shi da mai wuyar.

8/
Ba sai an sayi komai ba. Carabke, dara, murfin kwalba, rabon ƙosai tsakanin ƙanne. Ki ce "miƙo min cokali uku", ki ga nawa zai kawo. In ya kai aji 2 yana ta kwaso cike da hannu, ki je ki zauna da malaminsa kafin zangon ya ƙare.