A Ɗauki Hoton Sakkwato Kafin Ta Sauya Kama

Duk gidan da ka shiga a Sakkwato za ka tarar da hoton biki ko na suna, amma da wuya ka ga na garin kansa. Muhammadu Bello ne ya kafa birnin nan a 1809. Yau ganuwarsa ta kusa ɓacewa, Ƙofar Rini da Ƙofar Marke sun zama sunayen unguwanni. In yaro ya tambayi yadda suke a da, me za mu nuna masa?

Akwai kyamarorin fim da aka ƙera domin wannan aiki. Widelux ta Japan, idonta juyawa yake yi daga gefe zuwa gefe, ya kwaso faɗin da ya haura digiri 120. XPan, wadda Hasselblad ya fitar a 1998, hotonta milimita 65 ne a faɗi, 24 a tsaye. An daɗe da daina ƙera na asalin, amma ana samun na hannu. Da irinsu, fadamar Rima da manomanta sukan shiga hoto guda.

A ganinmu, ya kamata masu hoto su himmatu, su kuma kai kwafi gidan tarihi na Waziri Junaidu. Fim da aka wanke, aka kāre daga zafi da ƙura, yakan yi shekaru aru-aru. Waya kuwa, in ta ɓata, ta tafi da abin da ke cikinta.

Amma fa a yi hattara. Ido mai faɗi ba ya zaɓe: wanda ya hau bene zai iya kwaso tsakar gidan maƙwabci. A nemi izini tukuna.