Bayan "Sai Haƙuri"

Tun 2009 da rikicin Boko Haram ya ɓarke, Borno ta cika da waɗanda suka tsira da rai amma barci ya ƙaurace musu. Mu kuwa "sai haƙuri" kawai muke miƙa musu. Haƙuri ibada ne, ban musa ba, amma matar da ƙarar babur ke sa jikinta ɓari tana buƙatar mai zama da ita har ta rarrabe tsoro da fushi da zargin kanta. Ƙwararru kan fara da daidaita numfashi, sai natsuwa ta samu kafin a taɓo labarin. Gidauniyar Neem ta Dakta Fatima Akilu tana ƙoƙari a wannan fanni, amma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka rattaba wa hannu a 2023 za ta zauna a takarda muddin asibitocin ƙauye ba su da irin waɗannan ma'aikata.