Nancy Moran, Masaniyar da ta Tono Asirin Cikin Darɓa da Ƙudan Zuma

Babu manomin da ke buƙatar a gaya masa mene ne darɓa. Ƙwari ne ƙanana masu taushin jiki, da ke taruwa a bayan ganyen wake da gujiya da dawa, suna tsotse ruwan shuka, suna barin wani danƙo mai zaƙi wanda tururuwa ke bi. Dattawan Maradi da Damagaram ba su manta da shekarar 1975 ba, sa'ad da kuturtar gujiya, wadda darɓa ke yaɗawa daga shuka zuwa shuka, ta cinye gonaki a kudancin Nijar da arewacin Nijeriya. Amma akwai tambayar da ta daɗe tana damun masana: ruwan shuka kusan sukari ne zalla, sinadaran da ke gina tsoka kuwa kaɗan ne ƙwarai a cikinsa, to, ta yaya ƙwaro zai rayu da wannan abinci kaɗai, har ya hayayyafa kamar ƙasa? Wannan fili a makon nan zai ba da tarihin wata mata da ta share fiye da shekara 30 tana warware wannan ƙulli.

An haifi Nancy Moran a shekarar 1954 a birnin Dalas na jihar Teksas, ƙasar Amurka. Ta gama karatun jami'a a Ostin cikin 1976, sa'an nan ta sami digirin dakta a ilimin dabbobi a Jami'ar Mishigan cikin 1982, inda ta yi karatu a hannun W. D. Hamilton da Richard Alexander, manyan masana juyin halitta. Daga 1986 zuwa 2010 ta koyar a Jami'ar Arizona, ta yi shekara uku a Jami'ar Yale, kana a 2013 ta koma Jami'ar Teksas ta Ostin, inda ta faro. Da farko aikinta bai wuce nazarin rayuwar darɓa ba: yadda suke sauya shuka bisa ga yanayi, da yadda matansu ke haihuwa ba tare da namiji ba.

Tun kafin zamaninta, wani Bajamushe mai suna Paul Buchner ya duba cikin ƙwari da madubin ƙara girma, ya ga wasu ƙwayoyin bakteriya cunkushe a cikin wasu ɗakuna na musamman a jikinsu, ya kuma yi hasashen cewa abinci suke samar wa mai gidansu. Sai dai ba a iya renon waɗannan bakteriya a wajen jikin ƙwaron, saboda haka maganar ta tsaya shekaru da yawa ba ta ci gaba ba. A farkon shekarun 1990, da aka sami dabarun karanta haruffan gado na halitta, Moran ta haɗa hannu da Paul Baumann, masanin bakteriya a Jami'ar Kalifoniya ta Debis. Ita ta san ƙwari, shi kuwa ya san bakteriya. An raɗa wa baƙon da ke cikin darɓa suna Buchnera don tunawa da wancan Bajamushe.

Cikin 1993 suka bayyana abin da ya girgiza masana. Da suka zana bishiyar zuriyar darɓa iri iri, suka kuma zana ta bakteriyar da ke cikinsu, sai bishiyoyin biyu suka dace reshe da reshe. Ma'anar wannan ita ce, sau ɗaya tak wata bakteriya ta shiga jikin kakar darɓa, fiye da shekara miliyan 150 da suka wuce, tun daga nan kuwa uwa ke miƙa ta ga ƴaƴanta ba yankewa. Darɓa na ba ta matsuguni da sukari, ita kuma tana haɗa sinadaran gina jiki waɗanda ruwan shuka ya rasa. Idan aka kashe bakteriyar da magani, darɓa ba ta girma yadda ya kamata, haihuwarta kuma ta tsaya.

Zaman tare mai tsawo haka yana da nasa tsada. A 1996 Moran ta nuna cewa gadon waɗannan bakteriya lalacewa yake yi sannu a hankali. Dalili kuwa, kaɗan ne daga cikinsu ke ratsawa daga uwa zuwa ɗa, ba sa kuma cuɗanya da wasu bakteriya balle su yi musanyar gado, don haka duk kuskuren da ya auku sai ya zauna, wani ya hau kansa. Bincike na baya ya gaskata ta. A shekarar 2000 masanan Japan suka karanta kundin gadon Buchnera gaba ɗaya, suka tarar haruffa kimanin 640,000 ne, alhali danginta da ke zaune a hanjin ɗan Adam na da fiye da miliyan 4. Cikin 2006 Moran da abokan aikinta suka ba da labarin Carsonella, wadda ke cikin wani ƙwaro dangin darɓa: haruffanta kimanin 160,000 ne, ƙwayoyin gadonta 182 kacal. Ta zubar da kusan kome, sai abin da mai gidanta ke buƙata.

Daga nan bincike ya yi ta buɗe ƙofofi. A 2003 ɗakin bincikenta ya nuna cewa wata bakteriya ta biyu, wadda daga baya aka kira Hamiltonella don girmama malaminta, tana kare darɓa daga wani ƙanƙanin ƙwaro dangin zanzaro da ke sa ƙwansa a jikinta. Wannan magana ta shafi noma kai tsaye, domin irin waɗannan ƙwari ne ake saki a gonaki don su rage darɓa ba tare da guba ba. In darɓar na ɗauke da mai tsaronta, aikin na iya tashi a banza. A 2007 suka gano cewa sauyin harafi guda a gadon Buchnera ya isa ya sa darɓa ta kasa jure zafin rana. A 2010 kuma ita da Tyler Jarvik suka tabbatar cewa darɓar wake irin ta Turai tana haɗa sinadarin launi irin na karoti da kanta, da ƙwayoyin gado da kakanninta suka samo daga funfuna. Kafin wannan, an ɗauka dabbobi daga abinci kawai suke samun wannan sinadari.

Bayan haka sai ta karkata ga ƙudan zuma, a lokacin da masu kiwonsu a Amurka ke kukan mutuwar amya. Ta tarar hanjin ƙudan zuma na ɗauke da ƴan ire-iren bakteriya da ba su kai goma ba, kusan iri ɗaya a ko'ina cikin duniya, kuma sabon ƙuda daga ƴan'uwansa na cikin amya yake samun su a kwanakin farko na rayuwarsa. A 2013 ita da ɗalibinta Waldan Kwong suka siffanta biyu daga ciki, Snodgrassella da Gilliamella. Waɗannan baƙi na taimaka wa ƙuda wajen narkar da garin fure, suna kuma tare hanya ga masu kawo cuta.

Abin da ya biyo baya gargaɗi ne. Gwajin 2017 ya nuna cewa maganin tetirasikilin, wanda masu kiwo ke ba ƙuda don kare tsutsotsinsu, yana kashe bakteriyar kirki, ƙudan da aka ba kuwa sun fi saurin mutuwa. Na 2018 ya nuna cewa gilifosat, maganin ciyawa da ake fesawa a gonaki, yana rage Snodgrassella a hanjin ƙuda, ya bar shi a fili ga wata bakteriya mai kisa da ake kira Serratia. A 2020 kuma ɗakin bincikenta ya sauya gadon Snodgrassella don ta riƙa haɗa wani sinadari mai yaƙar Varroa, ƙwaro mai kama da kaska da ke manne wa ƙuda, da kuma cutar da ke naƙasa fukafukai. A ɗakin gwaji aka yi wannan aiki, kuma sakin halittar da aka sauya wa gado cikin daji magana ce mai buƙatar doka da taka-tsantsan.

Duniyar ilimi ta yaba mata: ta sami kyautar MacArthur a 1997, an zaɓe ta cikin Majalisar Masana Kimiyya ta Amurka a 2004, Japan kuma ta ba ta Kyautar Duniya ta Ilimin Halitta a 2010. Ɗalibanta da yawa sun buɗe nasu ɗakunan bincike a ƙasashe dabam dabam.

Ga manomi da mai amya, darasin a bayyane yake. Maganin da bai kashe ƙudan zuma nan take ba yana iya kashe abin da ke cikin hanjinsa, mutuwar ta zo daga baya ba wanda ya san dalili. Ƙudan nan kuwa, ban da zuma, su ne ke kai garin fure tsakanin furannin kankana da kabewa da mangwaro da riɗi. Saboda haka ya kamata mai feshi ya tsaya ga ma'aunin da malaman gona suka faɗa, ya guji feshi sa'ad da shuka ke fure, ya kuma nisanci wurin da aka ɗora amya.