Bindiga Ta Girma, Horo Bai Girma Ba

Jama'a, mu daina yaudarar kanmu da maganar “harbin kuskure”. Bindiga ba ta tashi da kanta, sai an ɗora yatsa a kan kunama.

Iyayenmu a cikin birni sun san 'yan dokan En'e. Kulki ne makaminsu, kuma ɗan doka ya san gidan kowa daga Mandawari har Jakara. Ba na ce waliyyai ba ne, sun yi zaluncinsu, musamman a kan 'yan NEPU. Amma kuskuren mai kulki kumburi ne, kuskuren mai AK-47 jana'iza ce.

Bayan an narkar da su cikin 'yan sandan tarayya a zamanin Gowon, makami ya yi ta sauyawa: daga tsohuwar Mak 4 mai harbi ɗai-ɗai zuwa mai ɓarin harsasai. Fashi da makami bayan yaƙin basasa, sannan harin 20 ga Janairu 2012 da ya girgiza Bompai, duk sun sa dole a ba ɗan sanda makami mai ƙarfi. Wannan ban ja ba. Tambayata ita ce, me aka ƙara masa a ka?

Kurtu ya yi 'yan watanni a kwaleji, galibi fareti da “lef-rai”, sai a miƙa masa bindiga a ajiye shi a shingen hanya. A 2013 duniya ta ga halin da kwalejin Ikeja take ciki a talabijin na Channels, har Shugaba Jonathan ya je da kansa. A 2019 an gyara dokar amfani da makami, wato Force Order 237, aka ce harbi sai in rai na cikin haɗari. Madalla. Amma mu ma'aikatan gwamnati mun san takarda: a sa hannu, a kai ta kabad. A zanga-zangar Agustan 2024 mun ga sakamako a titunan Kano.

Muna da makarantar 'yan sanda a Wudil, nan kusa da mu. A riƙa mayar da duk mai riƙe bindiga filin harbi kowace shekara. Wanda ya faɗi a karɓe bindigar. A ƙirga harsashi fita da dawowa. A koya masa lokacin da ba a harbi, domin shi ne darasi mafi wuya.

Wannan kariya ce ga ɗan sandan ma, shi ma ɗan wani ne.

Allah Ya kyauta.