Kafin ka sauya sifikar ƙofar motarka, daina kallon lambar da ke jikin kwali

Duk mai bibiyar TikTok ko status na WhatsApp ya saba da irin bidiyon nan: matashi ya buɗe ƙofar mota, ya ƙure sauti, ƙofar tana karkarwa, a ƙasa an rubuta "wat 1000". Abin ya iso mana Yelwa, ya kai Wara da Shanga. Wanda ya samu Corolla 'yar Kwatano, ko ake ba shi Golf yana lodi zuwa Koko da Kontagora, abu na farko da ke ransa shi ne sauya sifika. Ban ga laifinsa ba, domin yawancin motocin nan sun haura shekara ashirin, sifikunsu na asali sun yage, sai ƙaran-ƙaran suke yi kamar tsohon garwa. Matsalata da yadda muke zaɓen sabuwar ne.

Lambar nan da ake bugawa da manyan haruffa a kwali, talla ce. Tana nufin ƙarfin da sifikar za ta iya jurewa na ƙiftawar ido. Lambar gaskiya ita ce wadda aka rubuta RMS a gefenta, wato ƙarfin da za ta ɗauka a kai a kai ba tare da ta ƙone ba, kuma galibi ƙarama ce, a ɓoye a bayan kwalin. Sifikar ƙofa da aka rubuta wa wat 300 sau da yawa RMS ɗinta bai wuce 40 ko 50 ba. Kwalin da babu RMS kwata-kwata, ajiye shi kawai.

Sannan sifika ba ta ƙirƙirar ƙarfi, abin da rediyo ya ba ta shi take fitarwa. Rediyon mota da aka rubuta wa 50 sau 4, abin da yake bai wa kowace sifika a zahiri bai cika wuce wat 15 zuwa 20 ba. To ka sayo mai buƙatar ƙarfi sosai ka haɗa da wannan rediyon babu amfilifaya, me kake tsammani? Za ka ji sautin ya yi ƙasa, ka murɗa har ƙarshe, sautin ya fara fashewa, kuma wannan fashewar ce ke ƙona sifika. Sai a ce an yi maka jabu. Jabu akwai shi fa, kwalayen Pioneer da JBL na bogi sun cika kasuwa, amma wata sifikar mai ita ne ya kashe ta.

Idan rediyonka kaɗai za ka dogara da shi, nemi lambar da ke da dB a gefe. Ita ce ke nuna yadda sifika ke mayar da ɗan ƙarfi ya zama sauti. Mai 90 ko sama da haka ta fi dacewa. Bambancin dB 3 kacal daidai yake da ninka ƙarfin rediyo sau biyu, kuma ba ka ƙara ko kwabo ba. Ka kuma tabbatar om 4 ce, irin wadda aka yi rediyon mota dominta. Dabarar da wasu masu wayarin ke yi ta jona sifika biyu a layi ɗaya tana sauke shi zuwa om 2, rediyo ya riƙa zafi har ya mutu.

Wani abin da masu bidiyon Legas da Dubai ba za su gaya maka ba shi ne yanayinmu. Mu a bakin ruwa muke. Da damina ruwa na bin gilashi ya shiga cikin ƙofa, ga danshin tafkin Kainji, da hunturu ƙura, a Maris da Afrilu kuma zafin da ke kai 40 ko fiye, balle cikin motar da aka rufe a rana. Sifika mai fuskar takarda da bakin soso ba ta jure wannan, soson rugurgujewa yake yi. Nemi mai fuskar leda mai tauri da bakin roba. Wanda ke shiga hanyoyin ƙauyukan Ngaski ɗauko kifi ko albasa, ya sa a ɗaure ta da sukurori huɗu cif, ba biyu da igiyar roba ba.

Girma kuwa, a cire tsohuwar a auna, shi ke nan. Yawancin ƙofofi inci shida da rabi ne, wasu biyar da kwata. A auna zurfi ma, don kada gilashi ya sauko ya bugi maganaɗisu. Kada ka yarda a yanke maka ƙarfen ƙofa don a cusa 6x9, wurinta bayan kujera ne. In daga Sabon Gari a Kano ko Alaba za a aiko maka, tura hoton tsohuwar da awonta, tunda mayar da kaya daga Yauri ba wasa ba ne.

Ni a ganina ma mun manta abin da muke saurare. Waƙoƙinmu na Hausa murya ce a gaba, ga labaran rediyo, ga karatu da wa'azi da direbobi ke sakawa da safe. Duk wannan tsabtar murya yake buƙata, kuma matsakaiciyar sifika mai kyau ta fi ba da ita a kan mai girgiza ƙofa.

Akwai kuma kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan ɗaya na cikin haɗarin rasa ji saboda sauraron sauti mai ƙarfi, kuma jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa. Direban da ke wuni tsakanin Yelwa da Jega da sifika a gefen gwiwarsa yana cikin lissafin. A hanyar da tireloli da 'yan acaba da shanu ke rabawa, wanda bai ji hon ɗin da ake yi masa daga baya ba, fasinjojinsa ma ba su tsira ba.