Kuɗin Haya Ne Shingen Farko Ga Wanda Ya Daina Shaye-Shaye

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a shekarar 2018 ya nuna cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3, masu shekaru 15 zuwa 64, sun yi ta'ammali da ƙwayoyi a cikin shekara guda, kuma ɗaya daga cikin kowane huɗu mace ce. A shekarar ce gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai sinadarin kodin. Tun daga lokacin maganar da ake yi ba ta cika wuce kame da magani ba. Ba kasafai ake tambayar inda mutum zai kwana ranar da aka sallame shi daga asibitin Barnawa, ko Kware, ko Aro ba.

Wanda ya shafe watanni ana jinyarsa yakan fito ba aiki, ba jari, kuma sau da yawa dangi sun gaji da shi. Idan ya koma tsohon ɗakinsa, dillalin ƙwaya na nan bakin lungu. Idan kuwa ya nemi sabon wuri a Legas ko Abuja ko Fatakwal, maigida zai buƙaci hayar shekara guda a dunƙule, ga la'adar dillali, ga kuɗin rubuta yarjejeniya. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta hana karɓar fiye da shekara guda daga sabon ɗan haya, amma shekara gudan ma ta fi ƙarfin mai mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka tsayar a 2024, balle wanda bai soma aiki ba. Rashin madogara mai sauƙin kuɗi na daga cikin abubuwan da ke tura iyaye ga irin gidan da 'yan sanda suka fasa a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019, inda aka fitar da mutane kimanin 300, wasunsu cikin mari.

Amurka ta fuskanci irin wannan gibi. A shekarar 1975 aka rufe wani gidan farfaɗowa na hukuma a Silver Spring ta Jihar Maryland, sai mazaunansa suka karɓi hayar da kansu. Daga nan tsarin Oxford House ya samo asali. Babu ma'aikaci, babu likita a cikin gidan. Mazauna ne ke raba haya da kuɗin wuta daidai wa daida, su zaɓi shugabanninsu, sabon shiga kuma sai ya sami amincewar kashi 80 cikin 100. Duk wanda ya koma shaye-shaye a take ake sallamarsa, wanda ya tsaya kuwa ba a ƙayyade masa ranar tashi.

Abin da ya kamata 'yan kasuwa su lura da shi shi ne yadda aka samar da jarin. Dokar majalisar Amurka ta 1988 ta umurci kowace jiha ta ware dala 100,000 a asusun rance mai juyawa, inda rukunin masu farfaɗowa za su karɓi abin da bai wuce dala 4,000 ba don biyan hayar farko, su mayar cikin shekara biyu. Ba a gina ko bulo ɗaya ba. Binciken Jami'ar DePaul da aka buga a 2006 ya bi mutane 150 har tsawon shekara biyu: kimanin kashi 31 na mazauna waɗannan gidaje ne suka koma shaye-shaye, alhali a cikin sauran an sami kusan kashi 65, kuma abin da mazaunan ke samu a wata ya ninka na sauran fiye da sau biyu.

Tsarin bai yi nisa da adashi ba, wanda kowace kasuwa a ƙasar nan ta san shi. Ƙungiyar 'yan kasuwa, ko hukumar zakka da waƙafi, ko ƙaramin bankin al'umma na iya biya wa mutum takwas hayar shekara guda, su riƙa mayarwa mako-mako, kuɗin ya zagaya zuwa gida na biyu. Maigida ya sami kuɗinsa cif, ya kuma sami 'yan haya masu ƙa'ida rubutacciya, abin da ba kowane gidan haya ke tinƙaho da shi ba.

Akwai cikas na gaske. Tsarin ya dogara ne kan mazaunin da ke da abin yi, kuma a nan aiki na da wuyar samu. Don haka tilas mai ba da rancen ya haɗa shi da gurbin koyon sana'a a shago ko gareji, in ba haka ba kuɗin zai nutse tun zagayen farko. Maƙwabta ma za su yi tsaye, kamar yadda aka yi a Amurka har ta kai ga Kotun Ƙoli a shari'ar birnin Edmonds ta 1995. A nan ƙasar, yardar mai unguwa da limamin masallaci ko shugaban coci ya kamata a nema kafin a biya ko kwabo, musamman idan gidan na mata ne.